Hoton da Na Wanke wa Shiuli

Lahadi, 7 ga Mayu, ƙarfe bakwai da kwata na safe

Shiuli ce ta ba ni littafin nan tun bara, wai in riƙa rubuta cefane, don kullum ta aike ni sai na dawo da rabi. Ko albasa ban taɓa rubutawa a ciki ba. Yau na buɗe shi saboda wadda na saba gaya wa komai, ita ce maganar ta shafa.

Tana kicin tana murza ruti, gurasarmu ta safe, tana rera waƙar da take koya wa 'yan aji uku. Na kira ta sau biyu ta ɓangaren hagu, ba ta juyo ba. Da na zagaya ta dama sai ta ce, "Injiniya, ka daina sanɗa a gidanka kamar ɓarawo." Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ba ta taɓa kiran sunana ba. Injiniya kawai, in kuma na ɓata mata rai, Babban Injiniya.

Gobe za mu karɓo sakamakon hoton cikin kanta da aka ɗauka a asibiti ran Alhamis. Sai da aka yi mata allurar barci kafin ta yarda ta shiga injin.

Litinin, 8 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Mun karɓo.

Dakta Bimal Pramanik ne ya duba. Abokin marigayi babana ne, tun ina yaro Kaku nake ce masa, wato baffa, kuma duk Rajshahi ba wanda ya kai shi iya karanta hoton kai. Ya saba in ya ga Shiuli ya ce, "Surukata, har yanzu ba ki gaji da wannan mai manne wa kwamfuta ba?" Yau bai ce ba. Tambayar ta ya yi ko za ta sha shayi. Daga nan muka gane.

Ƙari ne, yana bayan kunnen hagu, ya kai girman dabino. Kaku ya ce a ganinsa ba irin mai yaɗuwa ba ne, amma ya hau kan jijiyar ji, yana kuma taɓa ta fuska. Sai Dhaka, sai wuƙar tiyata. Shiuli ta saurara har ƙarshe, tambaya ɗaya ta yi: za ta koma aji?

Muna fita Kaku ya riƙe ni a ƙofa. "Shafkat, hoton da ka kawo min shekara biyu baya, ba ni na duba ba? Ai babu komai a wurin nan."

Na ce, "Kai ne, Kaku."

A kan keke ta ɗora ambulan ɗin a ka tana kare rana da shi.

Talata, 9 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya, a ofis

Ban iya aiki ba. Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai sarara.

Injin MRI yana son mutum ya kwanta cikin bututu minti arba'in ba motsi. In ka gaggauta, hoton zai fito cike da dusa, kamar talabijin da ba ta kama tasha ba. Shekara biyar ke nan ni da Farfesa Dilruba Khanam muna gina manhajar da za ta karɓi hoton minti huɗu ta share dusar, ya fito tamkar na minti arba'in. Tana da dogon suna a takarda, amma a ɗakin bincikenmu Mai Wanki muke ce mata. Wanda ya fito daga inji shi ne ɗanye, wanda ya bi ta hannunta wankakke.

Shekara biyu da wata uku baya kunnen Shiuli ya fara yi mata kuka. Likita ya ce a ɗauki hoto. Ta shiga bututun, ko minti biyu ba ta yi ba ta danna ƙararrawa, ta fito tana haki, ta rantse ba ta komawa kabari da ranta. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce mata, me ya kai ki wahala kina auren mai maganin abin? Wata ranar Juma'a, lokacin da injin yake hannun masu bincike, na shigar da ita. Minti huɗu, ina riƙe da babban yatsan ƙafarta. Na wanke hoton, na kai wa Kaku, ya ce, "Kan nan ya fi naka tsabta." Muka sayi alewar madara a hanya muka raba wa maƙwabta.

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Laraba, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Faifan da ɗanyen hoton Shiuli yake ciki yana kabad ɗin ƙarfe, na uku daga hagu. Ban buɗe ba.

Alhamis, 11 ga Mayu, bayan magariba

Yayarta Parul, da muke ce wa Apa, ta iso daga Natore da jaka biyu da tukunyarta, wai tamu ba ta dafa shinkafa yadda ya kamata. Kafin ta cire takalmi ta riga ta gano musabbabin ciwon.

"Wayar nan ce. Na sha gaya miki, kullum tana manne a kunne."

"Apa, ke fa nake kira."

"To ni na ce ki kira ni awa biyu? Kai kuma, ƙanina, duk bokon nan naka, matarka tana kurumcewa a gabanka kana can kana wankin hoto."

Shiuli ta yi dariya har da tari. Ni ma na yi, gwargwadon iyawata.

Asabar, 13 ga Mayu, ƙarfe goma na safe, a ofis

Ba kowa yau, sai ni da fanka. Na buɗe.

Yana nan. A cikin dusar, a mashigar kunnen hagu, wani ɗan baƙin ɗigo kamar tsakin shinkafa. A yanka uku jere na hoton yake, kuma dusa ba ta tsayawa wuri ɗaya a yanka uku. Na ba Mai Wanki ɗanyen, ina kallo ta goge shi, ta shafe wurin sumul. Na sake ba ta. Sau biyar na yi, kamar a na shida za ta ji kunyata.

Na san dalili, kuma ba sai na yi dogon lissafi ba. Da kawunan ɗalibai muka koyar da ita, su ɗari huɗu da sha biyu, masu zuwa su kwanta mana a ba su farantin shinkafar biryani. Dukansu garau. Ba ta taɓa ganin kunne mai ciwo ba, ta dai san yadda lafiyayye yake, duk abin da ya saɓa kuwa datti ne a wurinta. Ba ta yi laifi ba, abin da na koya mata ta yi.

Kuma a ɗakinmu ba mai kallon ɗanye. Ni da bakina nake ce wa sababbin ɗalibai, wa zai ɓata idonsa a kan ƙazanta? Na matata ma ban kalla ba. Daƙiƙa talatin da sun isa.

Na dawo gida ta tambaye ni me ya sa idona ya yi ja, na ce ƙurar hanya ce. Ban gaya mata ba.

Lahadi, 14 ga Mayu, da hantsi

Ta ɗauki hutu daga makaranta. Apa ta tafi kasuwar kifi, sai Shiuli ta miƙo min kwalbar man kwakwa ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina. "Shafa min tun yana nan. An ce za su aske gefen."

Ban taɓa shafa mata ba. Ta ce hannuna kamar na mai kwaɓa siminti. Da na zo bayan kunnen sai yatsuna suka tsaya da kansu, ta ce, "Ci gaba mana, ba ya cizo." Akwai furfura uku a wurin da ban san da su ba. Ina son matar nan har abin yana ba ni tsoro.

Talata, 16 ga Mayu, ƙarfe ɗaya na rana

Na kai wa Kaku ɗanyen. Ya daɗe yana gaba yana baya a kan yanka ukun, sannan ya cire tabarau ya ajiye.

"Da wannan ka kawo min, da na ce a sake dogo, ko da allurar barci."

"Na sani, Kaku."

"Ni ma ban tambaye ka shi ba. Shekara talatin ina aikin nan, aka kawo min hoto mai kyau fiye da kima, na yaba maimakon in yi shakka."

Na tambaye shi, da an gani a lokacin fa? Bai so faɗa ba, na matsa. Ya ce da haske kawai za a ƙona shi, ba wuƙa, kuma wataƙila da kunnen ya tsira.

Sannan ya dafa ni. "Kada ka gaya mata, ɗana. Mu nan ba ma ɗora wa majinyaci kaya. Babanka har ya rasu bai san sunan ciwonsa ba, kai ma ka sani, kuma cikin natsuwa ya tafi."

Gaskiya ce, ni na ɓoye wa Abba. Na fito ina jin sauƙi, kuma sauƙin nan ne ya fi komai ba ni kunya.

Alhamis, 18 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya wa Madam Dilruba. A watan gobe ne aka shirya ba asibitocin gunduma uku Mai Wanki su fara gwadawa. Ta miƙe tsaye, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Shekara biyar, Shafkat! Kai ne kake ce min ta fi idon likita!"

Ta gama faɗanta, ta jawo takarda ta rubuta wasiƙar dakatarwa da hannunta, ba ta jira sakatare ba. Sai ta ce in lissafo mata duk wani ɗan uwan ma'aikaci da muka shigar ranar Juma'a don a taimaka masa. Goma sha ɗaya ne, har da Shiuli. Ta takwas mahaifiyar Madam ce. Ta ce a fito da ɗanyen kowa, gobe ita da Kaku za su bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ina bakin ƙofa ta ce, "Matarka ta sani?"

Rusa aikin shekara biyar ya fi min sauƙi a kan amsa wannan.

Juma'a, 19 ga Mayu, bayan masallaci

Mangwaron farko ya shigo kasuwa. Ta sha uku. Ban gaya mata ba.

Lahadi, 21 ga Mayu, bayan magariba

Da yamma ta ce in kai ta bakin kogin Padma, ba tare da Apa ba. Ruwan ya ja baya, sai yashi da shanu can nesa. Muka sayi gyaɗa muka zauna a kan wani dakali, ta sa ni a damanta.

Ta ce, "Injiniya, ni fa malama ce, na iya lissafi. Shekara biyu baya hotonka ya ce babu komai. Yau ya kai dabino. Abin da ya taso daga babu ya kai haka, ai gudu yake yi. Kaku yana lallashina ne kawai, irin mugun ne."

Na ce ba haka ba ne.

"To yaya ne?"

Ga ƙofa ta buɗe min har bango. Na ce likitocin Dhaka za su yi bayani. Ta gyaɗa kai, ta ce ta riga ta rubuta wa Apa wanda za a ba awarwaronta da littattafanta, in da hali. Wankakken hoton nan ta sa shi a saman fayil, shi za ta fara nuna wa likitan.

Ashe ba barci take ba duk kwanakin nan. Ni ina cewa shiruna yana kare ta, ga shi shi ne yake cin ta.

Talata, 23 ga Mayu, da safe

Na gwada a kan Apa tukuna, Shiuli tana wanka. Ba ta fahimci yanka uku da dusa ba, amma ta fahimci abin da ya kamata.

"Wato kai ka cinye min kunnen ƙanwa da na'urarka."

"Eh, Apa."

"Eh, Apa! Ko musu ba za ka yi ba, in samu na zage ka da kyau?" Ta share ido da gefen zanenta na sari. "Ka ja bakinka ka rufe har a gama aikin. In ka tayar mata da hankali, ni da kai ne."

Bayan haka ta zubo min khichuri, dafa-dukan shinkafa da wake, ta ɗora ƙwai biyu, ta dangwarar da farantin har miya ta fantsalo.

Laraba, 24 ga Mayu, azahar

Sauran goma ɗin lafiya lau, har da mahaifiyar Madam. Alhamdu lillahi. Tawa ce kaɗai.

Alhamis, 25 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya mata.

An ɗauke wuta, Apa tana barcin rana. Na ajiye kwamfuta a teburin cin abinci, na buɗe hotunan biyu gefe da gefe, na ce ta dubi mashigar kunnen. Ban nuna mata ba. Ta sa tabaranta na gyaran jarrabawa, ba ta yi minti ɗaya ba ta ɗora farce a kan ɗigon.

"Wannan fa?"

"Shi ne. Tun lokacin yana nan. Ba gudu yake ba, rarrafe yake. Ni na goge shi."

Na faɗi sauran duka, har da maganar haske da kunnen da wataƙila ya tsira. Na ga numfashi ya sauka a ƙirjinta, irin wanda ta yi kwanaki tana riƙe da shi. Sai kuma fuskarta ta canza.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana goma sha biyu."

"Ranar da ka shafa min mai?"

"Na sani."

"A bakin kogi?"

Na ce eh.

Ta cire tabarau ta ninke. "Shekara biyun nan ba kai kaɗai ba ne, ni na ƙi kwanciya. Kuskure ne, na yarda. Amma ina zaune kusa da kai ina rabon awarwarona, kana ɓare gyaɗa. Wannan ba injin ne ya yi ba."

Ta kwashi matashinta ta koma ɗakin Apa.

Juma'a, 26 ga Mayu, da safe

Ba ta yi min magana ba. Apa ma haka, amma ita da ƙarfi take yin nata shirun, da tukwane.

Asabar, 27 ga Mayu, la'asar

Na sami shayi a kan teburina. Ba sukari. Na shanye.

Lahadi, 28 ga Mayu, cikin jirgin ƙasa zuwa Dhaka

Kujera biyu gare mu jere, ta Apa tana tsallaken hanya. Shiuli ta tsaya ta duba, ta zauna yadda zan kasance a hagunta, ɓangaren da ba ta ji. Na gane. Awa uku ina kallon gefen fuskarta.

Tunda ba za ta ji ba, sai na yi ta magana a hankali. Na ba ta haƙuri. Na gaya mata yadda na fara ganinta a bikin ɗan'uwana tana yi wa mai ɗaukar hoto faɗa. Na faɗi abubuwan da ban taɓa iya faɗa wa kunnen dama ba.

Da muka haye gadar Jamuna ta miƙe ta ce, "Tashi mu canza, rana tana dukana." Babu rana a ɓangarenta. Ta zauna, ta ɗora kai a kafaɗata, ta ce, "Bakinka yana ta motsi tun tashar Ishwardi kamar na akuya. Maimaita."

Na maimaita, amma na farkon ya fi kyau.

Litinin, 29 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Ita da kanta ta cire wankakken daga fayil ta miƙa wa likitan ɗanyen. Ya yi murna da shi, ya ce wannan ya nuna masa tafiyar abin, kuma tafiyar a hankali ce. Kunnen dai ya tafi, kada mu sa rai. Fuska zai yi iya ƙoƙarinsa, amma bai yi alkawari ba. Baki yana iya karkacewa, ido yana iya ƙin rufuwa, na wata uku ko na har abada.

A waje ta tambaye ni ko Mai Wanki ta mutu ke nan. Na ce sai mun sami kawunan marasa lafiya da yawa mun sake koya mata daga farko, in ma za ta koyu.

"To ga ɗaya. Kawo takardar in sa hannu. Ba ni kaɗai ce mai tsoron bututun nan a ƙasar nan ba."

Laraba, 31 ga Mayu, ƙarfe takwas da rabi na safe

Sun aske gefen. Apa ta tattara gashin a ƙyalle tana kuka, Shiuli tana ce mata ta bari, ba kan amarya ba ne. Da masu tura gado suka zo ta ce Apa ta ɗan ba mu wuri, ta jawo ni ta dama.

"Injiniya, saurara. In na farka ba za su ba ni madubi ba, na san halin asibiti. Zan tambayi Apa yaya fuskata, za ta ce kamar wata. Zan kira Kaku, zai ce ba komai, surukata. Kowa zai wanke min." Ta riƙe wuyan rigata. "Kai zan tambaya. In bakin ya karkace ka ce ya karkace, ka faɗi ta wane gefe, ka faɗi ya kai ina. Ka kalle ni sosai kafin ka amsa. Za ka iya?"

Na ce zan iya.

"Rantse."

Na rantse. Ta sake ni, ta yi min murmushi da bakinta duka, gefe biyu daidai, ta daɗe tana yi don in gani da kyau.

Sun shiga da ita takwas da minti goma. An ce awa bakwai. Ina kan benci a bakin ƙofar, ba inda zan je.